Amsa: Takardun asali kan tarihin yammacin Amurka

Malam ka ce kana neman takardun asali kan yadda Turawa suka kutsa yammacin Amurka, to fara da Chronicling America, tsofaffin jaridu ne kyauta a intanet, har cigiyar shanun da suka ɓata zaka gani ciki. Sai takardun filaye na General Land Office, wato tsohon ofishin filaye na gwamnatin Amurka, tunda dokar Homestead ta 1862 eka 160 ta riƙa ba mutum a wancan zamanin in ya zauna ya noma shekara 5, sunansa da inda gonar take duk suna nan. Amma dan Allah kar ka tsaya kan bakin Turawa kaɗai, waɗanda aka ƙwace wa ƙasar fa? Duba Indian-Pioneer Papers na Jami'ar Oklahoma, hira ce da tsofaffi wajajen 1937, harda 'yan ƙabilun Cherokee da Choctaw, waɗanda 'yan asalin ƙasar ne.