Maigidana Yana Ingila, Ta Yaya Zan Bi Shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. An ɗaura mini aure bara a Zariya. Maigidana yana zaune a Manchester, yana da takardar zama ta dindindin, kuma ni kaɗai ce matarsa. Ranar ɗaurin aure bai samu zuwa ba, yayansa ne ya karɓa masa, sai daga baya ya zo aka yi biki, ya yi sati uku ya koma. Albashinsa fam 26,000 ne a shekara. Wani ejan ya ce mana kuɗin bai kai ba, amma idan muka biya shi zai gyara takardun banki. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma daga ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a aurenku, ya haɗa ku cikin sauƙi.

Zan fara da maganar ejan, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ki rabu da shi tun yau. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya tana iya tuntuɓar banki ko wurin aikin mijinki don ta tabbatar da abin da aka rubuta, kuma idan aka kama takardar bogi, za a iya hana ki shiga ƙasar har shekara 10. Sunanki ne a kan takardar neman bizar aure, wato bizar da mace ke nema don ta bi mijinta, ke za ta shafa, shi kuwa ejan ya riga ya ci kuɗinsa ya koma kan wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jiran wata shida da za ki ji na faɗa a ƙasa bai kai ko kusa da wannan asarar ba.

A abu guda dai ya faɗi gaskiya: albashin bai kai ba. Daga 2012 ƙa'idar ita ce mai ɗaukar nauyi, wato mijin ko matar da ke can, ya riƙa samun fam 18,600 a shekara, sai a ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga ta zuwa fam 29,000, kafin a cire haraji. Mijinki ya gaza da fam 3,000. Albashin da kike samu a Najeriya, ko da aikin gwamnati kike yi, ba a lissafa shi a wannan matakin. Alkawarin wani kawu ko aboki cewa zai riƙa taimakawa shi ma ba a karɓarsa a ƙa'ida.

Hanyoyin halal guda biyu ne a gabanku. Ta farko, ya samu ƙarin albashi ko ya haɗa da aiki na biyu, har jimillar ta kai fam 29,000, sannan ya yi wata shida a kan wannan matakin. Ta biyu, ku cike giɓin da kuɗin ajiya, kuma akwai lissafinsa: a ninka giɓin sau biyu da rabi, a ƙara fam 16,000. A naku, fam 3,000 sau biyu da rabi ya ba da fam 7,500, idan aka ƙara 16,000 ya zama fam 23,500. Wanda ba shi da albashi ko kaɗan sai ya nuna fam 88,500. Kuɗin zai iya zama a asusunsa, ko naki, ko na haɗin gwiwa, amma dole ya kwana wata shida a hannunku ba tare da ya sauka ƙasa da adadin ba, kuma ku iya bayyana inda ya fito. Kyauta ta gaskiya daga iyaye tana shiga. Rancen da za a zuba a asusu a cire bayan an ba da biza ba ya shiga. Idan a naira kuka ajiye, da canjin ranar da aka shigar da takarda za a lissafa, don haka ku bar rara mai kauri, kun dai san halin naira.

Hujjar samun kuɗin ita ma tana da tsari, kuma a nan mutane masu gaskiya suke yawan faɗuwa. Ana son takardun albashi na wata shida, da bayanan banki na watannin nan shida da ke nuna shigar albashin, da wasiƙa daga wurin aiki mai bayyana matsayinsa, da lokacin da ya fara, da abin da ake biyansa. Takardar ƙarshe kada ta wuce kwana 28 kafin ranar da kika shigar da neman. Wata guda ya ɓace a tsakiya, ko adadin da ke takardar albashi ya saɓa da na banki, ya isa a ƙi ba da biza.

Yanzu batun auren. Kada rashin zuwansa ranar ɗaurin aure ya dame ki. Dokar Birtaniya tana duba ko auren ya inganta ne a ƙasar da aka ɗaura shi, kuma aure ta hanyar waliyyi da wakili, da shaidu da sadaki, aure ne ingantacce a Najeriya. Abin da suke buƙata shi ne takarda. Idan ba ku da ita, ku nemi takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko hukumar da ke rajistar aure a yankinku, wadda ke ɗauke da sunayenku, da rana, da wuri, da sunan wanda ya wakilce shi. Idan da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, sai an haɗa da fassarar Turanci daga ƙwararren mai fassara, da sa hannunsa da adireshinsa. Sharaɗi ne kuma ku biyun kun kai shekara 18, kuma kun taɓa haɗuwa ido da ido. Zuwansa biki ya cika wannan, saboda haka ku adana tikitin jirginsa da hoton shafin fasfo mai tambarin shigowa.

Na ji daɗi da kika ce ke kaɗai ce, domin da akwai uwargida da ta riga ta shiga Birtaniya a matsayin matarsa, kuma auren yana nan, dokar shige da fice ta 1988 ba ta yarda a kawo ta biyu ba. Ina faɗar wannan ne saboda sauran masu karatu. Wanda ya taɓa aure ya rabu kuma, sai ya kawo takardar saki, baki kawai ba ya wadatarwa.

Bayan ingancin aure, jami'in da zai duba takardunki yana son ya gamsu cewa zaman na gaskiya ne kuma yana nan daram. Bai san ku ba, bai halarci kamu ko walima ba, abin da ke gabansa kawai zai gani. Ki haɗa hotunan biki da dangin ɓangarorin biyu a ciki, da shaidar kuɗin cefane da yake turo miki, da samfurin hirarku da kiran waya daga watanni daban-daban. Ba sai kin kwashe WhatsApp ɗinki gaba ɗaya ba, kuma ba sai kin tona sirrin aurenki ba. Shafuka kaɗan da ke nuna ba a yanke zumunci ba sun fi tarin da ba wanda zai karanta. Shi kuma ya kawo shaidar gidan da za ku zauna, takardar haya ko ta mallaka, da ke nuna akwai wurin da zai ɗauke ku ba cunkoso.

Abu biyu ne nauyinsu ke kanki ke kaɗai. Na farko jarrabawar Turanci. Duk da cewa Turanci ne harshen hukuma a Najeriya, ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa. Matakin da ake nema shi ne A1, mafi ƙasa, magana da sauraro kawai, kuma dole ta zama jarrabawar da aka amince da ita, irin su IELTS Life Skills, a cibiyar da aka amince da ita. Idan kina da digiri da aka koyar da Turanci, hukumar Ecctis, mai tantance takardun karatun ƙasashen waje a Birtaniya, tana iya tantance shi ya maye gurbin jarrabawar. Na biyu gwajin tarin fuka, wanda ake yi a asibitin da aka amince da shi, kamar na hukumar IOM, mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja da Legas. Takardar sakamakon wata shida kawai take aiki, don haka kada ki yi gaggawar yin gwajin tun kuɗin bai cika sharaɗin ba.

Tun yanzu ki jera fasfo, da katin NIN, da takardar aure, da takardun makaranta, ki duba suna da ranar haihuwa. Mu mun saba, a nan Aisha, can A'ishatu, a wani wurin sunan uba, a wani sunan gari. Wanda ke dubawa a can bai san mutum ɗaya ba ne. Gyaran irin wannan yana cin lokaci, ga shi kuwa kina da wata shida a hannu.

Idan komai ya kammala, ana cike takardar ne a shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk, a biya kuɗi, sannan ki je cibiyar karɓar biza a Abuja ko Legas a ɗauki hoto da zanen yatsu. A 2025 kuɗin nema fam 1,938 ne, ga kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 na kowace shekara, wanda ya kama fam 3,105 a biza ta farko. Ya haura fam 5,000 ke nan, ban da jarrabawa da gwaji da tikiti. Kuɗaɗen da ƙa'idojin suna yawan sauyawa, ki sake duba shafin kafin ki biya. Amsa takan fito cikin mako 12. Idan aka ƙi, a tanadin doka akwai damar ɗaukaka ƙara cikin kwana 28, amma sau da yawa gyara kuskuren a sake nema ya fi sauri. Idan za ku ɗauki mai ba da shawara, mijinki ya nemi lauya ko wanda ke da rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice a can.

Biza ta farko wata 33 ce. Za ki iya aiki da karatu, amma ba ki da damar karɓar yawancin tallafin gwamnati. Kafin ta ƙare za ku nemi ƙarin wata 30, da Turanci matakin A2, a sake nuna samun kuɗi. Bayan shekara 5 sai neman zama na dindindin, da Turanci mai mataki sama da haka da jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya. Saboda haka daga ranar da kika sauka, ki sa sunanki a takardar haya ko ta wuta, ki buɗe asusun banki, ki yi rajista da likita a wannan adireshin, ki kuma adana wasiƙun, domin su ne shaidar cewa tare kuke zaune.

Akwai abin da nake faɗa wa duk 'yar'uwar da za ta tafi, ba don ina zargin mijinki ba. Izinin zaman yanzu a intanet yake, an daina katin da ake bayarwa da. Ki tabbata da imel ɗinki da lambarki aka buɗe asusun izinin, kalmar sirri tana kanki, fasfo yana hannunki. Kuma ki sani, duk da bizar ta rataya ne a kan auren, matar da aka ci zarafinta har zaman ya lalace tana da hanyar neman zama na dindindin da kanta, kuma ana ba ta izinin wata uku tare da tallafi kafin ta shigar da takardar.