Amsoshin tambayoyinku: soso ko katako wajen ƙera jirgin ruwa?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni kafinta ne a Agege, inaso in ƙera ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, kamar ƙafa 14, in riƙa shiga lagun, wato tafkin Legas, dashi. Naji ance yanzu da soso ake yin jikin jirgi, to farin soson nan da ake sako firji dashi cikin kwali ina samunsa kusan kyauta, zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Dan Allah kar ma ka soma, wannan farin soson ba na jirgi bane. Da idona naga an zuba masa rezin na foliyesta, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa faiba (ƙyallen zaren gilashi) dashi ta daskare, kafin a kai ga shimfiɗa faibar ya narke ya lotsa kamar sukari a shayi, saboda sinadarin dake cikin rezin ɗin cinye shi yake. Ko ka sa ifoksi, wani irin rezin da baya narkar dashi, dannan da yatsa kaga yadda yake marmashewa, to haka zaiyi in igiyar ruwa ta riƙa dukansa, faibar ta ɓare daga jikinsa kana tsakiyar ruwa.

Yadda abin yake, soso a tsakiya ake sawa sai faiba ta rufe shi ciki da waje, ƙarfin yana wajen faibar ne amma soson ne ke riƙe su biyun kar su zame. Shi yasa masu aikin ke amfani da soson PVC wanda baya shan ruwa, irinsu Divinycell ko Airex, kuma wanda aka fi sawa a jikin jirgi shine mai lamba 80, wato kilo 80 a kowace mita kubik. Daga waje ake kawo shi, da dala, kaga kuwa aljihu zai ji a jikinsa. Sannan duk inda noti zai ratsa, ko gindin sandar da zata ɗauki ƙyallen iska, sai ka ƙwaƙule soson ka cike da ifoksi mai kauri, in ba haka ba notin zai murƙushe shi ruwa ya samu hanya.

Ni dai tunda kafinta ne kai kuma wannan ne na farko, shawarata ka nemi filawud na jirgin ruwa mai kaurin milimita 6, mai tambarin ingancin nan na BS 1088, ka lulluɓe shi da faiba da ifoksi, aikin hannunka ne ka riga ka saba. Amma tambari kaɗai kar ya ruɗe ka a kasuwa, yanki ɗan guntu ka dafa shi a tukunya na wasu awanni, in ya ɗaye gida-gida to gam ɗin ba mai jure ruwa bane, mayar musu.

Zafin Legas yana sa ifoksi daskarewa da wuri, riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, kuma kar kayi aikin ranar da ake tafka ruwa katako ya sha danshi. Ranar gwaji a bakin gaɓa zaka tsaya, da rigar ceto a jikinka.