Shugabanmu ya gaji, yaya za mu raba aikin?

Ɗan'uwa, ka ce shugaban zumuntarku ta coci shi ke jan addu'a, shi ke riƙe kuɗi, shi ke zuwa duba marasa lafiya. Dole ya gaji! A Ayyukan Manzanni sura 6, da ƙorafi ya taso kan rabon abincin mata gwauraye, manzanni ba su ƙara wa kansu nauyi ba, sai suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai su kula da rabon.

Ku fara da kuɗi, nan rigima ta fi tsirowa. Ku naɗa ma'aji daban, mutum biyu su sa hannu kafin a taɓa asusu. Dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983 ma ta wajabta wa kowane farish, wato yankin coci da ke ƙarƙashin limami, kwamitin kuɗi. Jan addu'a ya riƙa zagayawa. Ku sa wa kowane muƙami wa'adi, a ganina shekara biyu ta isa, sannan ku sanar da Fada, limamin cocinku.