Me Ya Raba "Steal" Da "Rob" A Turanci?

Tambaya: Malam, na rubuta "They robbed my phone" a jarrabawar gwaji, malaminmu ya zagaye jimlar da jan biro. To ba duk sata ba ce? Ina kuskuren?

Amsa: Malaminku na da gaskiya. Ka lura da abin da ke bin bayan kowace kalma. "Steal" abin da aka ɗauke ne ke bin ta: "They stole my phone." Ita kuwa "rob" wanda aka yi wa ta'asar ne ke bin ta, mutum ne ko wuri: "They robbed me," "They robbed a bank." Abin da ka rubuta, a kunnen Bature, wayar ce aka tare a hanya aka lalube mata aljihu. In kana son ambaton kanka da wayar a jimla ɗaya, sai ka ce "They robbed me of my phone."

Nauyinsu ma ba ɗaya ba ne. "Rob" fashi ce, akwai ƙarfi ko barazana a ciki. A dokar sata ta Ingila da Wales ta 1968, mai laifin "theft," wato sata, ba ya wuce shekara 7 a gidan yari, amma "robbery," wato fashi, tana iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai. Wanda ya haura gida ya kwashe kaya kuma "burglary" ya yi. Mutanen Ingila su ce "burgle," na Amurka su ce "burglarize." Sai dai a hirar yau da kullum Turawan ma ba sa tsantseni: mutum zai dawo ya tarar an ɓalle masa ƙofa ya ce "We've been robbed." A jarrabawa dai kada ka kwaikwaye shi.

Sauran ba su da wuya. Mai ƙwacen waya da wuƙa a lungu "mugger" ne, ɗan sane "pickpocket," mai ɓoye kaya a riga cikin kanti "shoplifter." Ma'aji da ya yi sama da faɗi da kuɗin da aka ba shi amana, an ce ya yi "embezzle." Akwai kuma "loot," wadda Turanci ya aro daga Hindi, wato wawason kaya lokacin yaƙi ko tarzoma. Jaridun Najeriya sun fi jingina ta ga masu wawure baitulmali, kuma ni dai ban ga laifinsu ba.