Dillaliya ko Intanet: Ina Zan Kai Keken Ɗinkina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi wa maigidana canjin wurin aiki, za mu tashi daga Zariya zuwa Abuja, kuma ina da kayan da ba zan kwasa ba: firji, keken ɗinki na ƙafa, da wata tsohuwar waya. Ni dai abin da na taso na gani, dillaliya ake kira. Ɗana ya ce wannan tsohon yayi ne, in ɗauki hoto in sa a intanet. Me ya canza a 'yan shekarun nan har mutum yake sayar wa wanda bai taɓa gani ba? Kuma yaya zan yi kada a cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa a tashi a sa'a, ya sa can ta fi nan albarka.

Mu fara da dillaliyar, domin duk amsar tana jikin aikinta. Idan kika ba ta keke, ita ta san gidan da ake haɗa kayan ɗaki da gidan da yarinya ta gama koyon ɗinki. Ita za ta kai a gani, ita za ta dawo da kuɗi a ɗaure a bakin zane. Amma babban abin da ake biyan ta la'ada a kansa shi ne tsayuwarta a tsakani. In keke ya ƙi ɗinki, mai saye ta san ƙofar da za ta buga. In kuɗi bai cika ba, ke ma kin san wadda za ki tambaya. Ita kuwa ba za ta yarda ta ɓata sunanta a unguwa saboda ciniki ɗaya ba. Abubuwan da aka ƙirƙiro cikin shekara talatin ɗin nan sun yi ta karɓar ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba duka suka iso mana daidai ba.

A watan Satumbar 1995 wani matashi masanin kwamfuta a Amurka, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin gwanjo da daga baya aka sa wa suna eBay. Cikin abubuwan farko da ya sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, aka saye ta dala 14.83. Har ya rubuta wa mai sayen yana tambayarsa ko ya gane cewa ba ta aiki, mutumin ya ce ya sani, haka yake son ta. Abin da wannan ciniki ya nuna shi ne, kayan da duk unguwarku ba mai so, idan mutum dubu ɗari suka gan shi, a cikinsu akwai mai nemansa. Ƙafar dillaliya gida goma ko ashirin take zagawa a yini. Hoton da aka sa a intanet yakan shiga dubban hannuwa kafin a yi la'asar.

To amma tun kafin intanet masana sun san ciwon da ke cikin cinikin kayan hannu. A 1970 wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi bayaninsa da misalin tsofaffin motoci, kuma aikin na cikin abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2001. Mai mota ya san lafiyarta, mai saye bai sani ba. Saboda tsoron kada ya faɗa wa ruɓaɓɓiya, sai mai saye ya riƙa tayi ƙasa-ƙasa. Mai mota lafiyayya ya ga tayin bai kai ba, ya ce albarka, ya koma da abarsa gida. A hankali sai kasuwa ta cika da marasa lafiya. Duk wanda ya taɓa shiga Farm Centre a Kano da niyyar sayen waya ta hannu ya san wannan fargaba. Ita ce kuma za ta sa a yi wa firjinki tayin wulaƙanci alhali ke kin san yana ƙanƙara har ya toshe.

Manyan kasuwannin intanet sun yi wa wannan ciwo magani iri biyu. A 1996 eBay ta buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa za su rubuta shaida a kan juna bayan ciniki, shaidar ta zauna a jikin sunan mutum kowa yana gani. Wato an mayar da abin da unguwa ke faɗa a kan mutum ya zama rubutu. Magani na biyu ya shafi biyan kuɗi. A 2002 eBay ta sayi kamfanin biyan kuɗi na PayPal a kan dala biliyan 1.5. A China, kasuwar Taobao da aka buɗe a 2003 ta fito da dabarar da ta fi burge ni: mai saye ya biya, amma Alipay, wato sashen biyan kuɗi na kasuwar, ta riƙe kuɗin a wurinta, ba za ta sakar wa mai kaya ba sai mai saye ya ce kaya sun iso hannunsa. Wannan ajiyar amana na cikin dalilan da suka sa Taobao ta ƙwace kasuwar ƙasar, har eBay ta ja da baya a 2006.

Mu nan abin ya zo mana ta wata ƙofar. Kafin 2001 duk layukan tarho da ke aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A shekarar aka fara wayar salula ta GSM, layi ɗaya yana kai naira dubu ashirin ko fiye. Sai iPhone a 2007, Android a 2008, daga baya Tecno da Itel da Infinix suka saukar da farashi har waya mai kyamara ta shiga hannun mai shayi da mai ƙosai. A 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har waɗanda ba sa so yin tiransifa. Shafin tallan kaya na Jiji ya fara a 2014, ya karɓe harkar takwaransa OLX a Najeriya a 2019. Facebook ta buɗe sashen kasuwarta a 2016, WhatsApp ta kawo sitatus a 2017, wanda a yau ya zama shagon matan aure da yawa.

Ki lura da abin da ya iso da abin da ya rage. Gani ya iso, magana ta iso, tura kuɗi ya iso. Amma yawancin wuraren da ɗanki yake nufi allon talla ne kawai. Suna haɗa ki da mai saye, daga nan su janye. Ba sa riƙe kuɗi a tsakani, ba sa duba kaya, kuma wanda aka rufe masa asusu yau yana iya buɗe wani gobe da sabon suna. Saboda haka aikin nan na tsayawa a tsakani ya dawo wuyanki. A nan ake cutar mutane, kuma abin yana yi mini ciwo, domin yawancin waɗanda ake cuta masu gaskiya ne da suka ɗauka kowa haka yake.

Mafi yawan damfarar da ake yi wa mai sayarwa a kan alat take. Saƙon tes da ke cewa kuɗi sun shigo ana iya ƙirƙirarsa, haka ma hoton rasit. Kada firji ya fita daga ƙofar gida sai kin buɗe manhajar bankinki da hannunki kin ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. In ya ce matsalar netwok ce, kuɗi na hanya, to kaya ma su jira netwok ɗin. Akwai mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da farashi, ki mayar masa da ragowar, alhali ko sisi bai turo ba. Akwai mai cewa yana wani gari, zai aiko direba, amma ki fara biyan kuɗin mota zai haɗa miki. Mai sayarwa ba ya biyan komai kafin ya karɓi kuɗinsa. Sunan banki da lambar asusu sun ishi duk mai niyyar biya. Wanda ya nemi lambar BVN, ko lambar katinki, ko wasu lambobi da aka turo miki ta tes, asusunki ko WhatsApp ɗinki yake son ƙwacewa, ki kashe wayar kawai.

Ke ma akwai haƙƙin da ke kanki. Hadisin nan sananne ne, na lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi hani da algus. Hoto yana iya ɓoye danshi fiye da tarin hatsi. In murfin firji yana da tsatsa, ki ɗauki tsatsar. In an taɓa canza masa kwamfireso ko an ƙara gas, ki faɗa. Na daɗe ina lura da cewa tallan da ya bayyana aibi ya fi saurin samun mai saye na gaske, saboda mutum yakan ce wadda ta faɗi wannan ba za ta ɓoye wani ba. Ki yi gajeren bidiyo da rana: firji a kunne da ƙanƙara a ciki, keke yana ɗinka ƙyalle ana jin ƙararsa, a juya bayan ɗinkin a gani. Da haka kin raba mai saye da cinikin biri a sama.

Game da kuɗi, ɗanki ya duba nawa ake sa irinsu, amma ki sani abin da aka rubuta a talla ba shi ne abin da aka sallama ba. Ki bar wurin ragi. Ki fara tun yanzu, kuma kada ki rubuta cewa tashi za ku yi, domin wanda ya san saura kwana uku ki bar gari shi zai yanka miki farashi.

Da ni ne, firji da keke ba zan fara da baƙi ba. Kaya ne masu nauyi, dole a shigo gida a gani, kuma ban so ki buɗe wa wanda ba ki sani ba ƙofa, balle in maigida ba ya nan. Ki sa su a sitatus ɗinki, da zauren 'yan uwa, da na matan Islamiyya. Ki tura wa dillaliyarki hotunan, don yawancinsu yanzu da waya suke aiki, ki ba ta la'adarta da zuciya ɗaya. Keken kuma a nuna wa telolin unguwa, su suka san darajar tsohon kan Singer ko Butterfly. In mako biyu ya wuce ba a dace ba, sai ɗanki ya sa a Jiji ko Facebook da lambarsa, ba taki ba, ba kuma tare da kwatancen gida ba. Mai zuwa gani ya zo da rana, a fito da kayan zaure, da namiji babba a wurin.

Wayar ita ce ƙarama, amma ita ta fi buƙatar kula, domin hotunan iyalinki da hirarrakinki da hanyar shiga bankinki duk suna ciki. A fara kwashe hotuna zuwa sabuwar waya. A cire layi da katin memori. A fita daga manhajar banki da WhatsApp, a cire asusun Google, ko iCloud in iPhone ce, sannan a goge wayar gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani. In aka goge ba a cire asusun ba, tana iya kullewa a hannun mai saye, ya dawo yana neman lambar sirrinki. Ɗanki ya haɗu da mai sayen a cikin jama'a, kamar kasuwar waya, inda za a gwada komai a gaban shaidu. Kafin a goge ta, ya danna *#06#, lambar shaidar wayar mai lamba 15, wadda ake kira IMEI, za ta fito. Ya rubuta ta a takarda biyu tare da ranar ciniki da suna da lambar mai saye, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Jami'an tsaro da wannan lamba suke bin sawun waya, kuma in wata rana aka yi aika-aika da ita, takardar ce za ta nuna ranar da ta bar hannunki. Ki sa taki cikin takardun da za ku tafi da su Abuja.