Ginin GCC ya tsaya: stubs-32.h da "Killed"

Ɗan'uwa, ka ce kana gina GCC, manhajar da ke fassara lambar C da C++ zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, daga tushe a Ubuntu, make ya tsaya wai bai ga gnu/stubs-32.h ba, da ka sake gwadawa kuma cc1plus, ɓangaren GCC mai fassara C++, ya mutu da "Killed". Matsaloli biyu ne daban.

Ta farko, a na'urar x86-64 GCC kan gina laburaren 32-bit ma, kai kuwa ba ka da fayilolin glibc (babban laburaren C) na 32-bit. In ba ka bukatarsu, kuma da wuya kana bukata, ƙara --disable-multilib a configure. In kana so, saka libc6-dev-i386.

Ta biyun ba laifin GCC ba ne, RAM ce ta cika, kernel ya kashe aikin. Duba dmesg, za ka ga "Out of memory". Kowane cc1plus na iya cin fiye da 1 GB a manyan fayiloli, don haka make -j8, wato ayyuka 8 a lokaci guda, a kwamfuta mai 4 GB neman rigima ne. Koma -j2, ka ƙara swap, wato wuri a faifai da ke taimaka wa RAM in ta cika.

Kafin ka sake, goge fulda ta ginin gaba ɗaya, don ragowar tsohon configure kan ɓata sabo. Shiga fuldar tushe ka kunna ./contrib/download_prerequisites, zai sauko da GMP, MPFR da MPC, laburaren lissafi da GCC ke bukata. Sannan ka buɗe fulda daban a wajen tushen, a can za ka kira configure. Kada ka gina cikin tushen.

In ya sake tsayawa, layin ƙarshe ba shi ne kuskuren ba. Kunna make babu -j, ka karanta "error" na farko. GCC kan gina kansa sau 3. In gwaji kawai kake yi, --disable-bootstrap zai rage maka jira sosai.