Abin da jikin kifi ke faɗa game da kogi

Ɗana, ka ce tunda lafiyar kogin Isa muke bi, me ya sa ba mu tsaya ga auna ruwa ba, sai mun yanka karfasa. Zauna ka ji.

Ruwan da ka ɗebo a kwalba, labarin sa'ar da ka ɗebe shi kaɗai zai ba ka. In dattin gari ya gangaro ta Gunti Yena, kwarin nan da ke ratsa Yamai ya faɗa kogi, da dare, ko maganin ƙwari ya tsiyayo daga gonakin shinkafa, kafin ka iso da hantsi kogi ya wuce da shi. Kifi kuwa yana ciki dare da rana, abin da ya sha yana nan a ƙwayoyin halittarsa.

Fara da jan naman nan na cikin kunnensa, wanda yake numfashi da shi. A madubin ƙara girma za ka ga na mai lafiya sirara ne, a jere kamar haƙoran mataji, ruwa na ratsa tsakaninsu. In ammoniya ko gubar ƙarfe ta taɓa su, sai su kumbura, su manne da juna, majina ta lulluɓe su. Kifin na cikin ruwa amma iska ba ta isarsa. Hanta ita ke tace guba, shi ya sa ƙwayoyinta ke cika da ramuka da kitse tun kifi na iyo lafiya ƙalau.

Aikin jini na fi so, don ba sai ka kashe kifin ba. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, namu ba su da ita. Ka shafa ɗigo a gilashi, ka bari ya bushe, ka zuba metanol, sinadarin da ke kafe ƙwayoyin a gilashi, ka rina da ruwan rinin da ake kira Giemsa. Inda guba ta karya sinadarin gado, za ka ga ɗan ɗigo ya ɓalle a gefen cibiyar. Ƙwaya 1,000 ake ƙirgawa a kifi ɗaya, aƙalla, a ga nawa ne ke da wannan ɗigo. Ido zai yi ciwo, amma kada ka ƙirga 200 ka cike sauran da ka. Akwai masunta da mata masu suya da abincinsu ya rataya a kan lambar da za ka rubuta.

Kada kuma ka yi saurin cewa guba ce. A watan Afrilu da Mayu ruwa ya ja baya, ya ɗumi. Lita ɗaya mai zafin digiri 20 tana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5. Wannan kaɗai na wahalar da kifi. Don haka kowane kifin da muka kama a ƙasan Yamai sai mun gwada shi da ɗan'uwansa na wajen Bubon, inda kogi bai iso gari ba tukuna, jinsi ɗaya, girma ɗaya, mako ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu, kifi mai rai za ka karɓo daga hannun masunci, ba na kasuwa ba, domin da ya mutu nama ke fara lalacewa, sai ka ɗauka guba ce. Ka tanadi fomol, ruwan da ke hana nama ruɓewa, kashi 10 cikin 100, kana yankawa kana jefawa, kuma ka rubuta wuri da rana a jikin kwalba kafin ka buɗe ta.